Gurguwar da Yaya Ta Hana a Zubar

Yayata ba ta iya haƙuri ba, kuma ban taɓa ganin tana ƙoƙarin koya ba. A gida ma in aka ce ta bar abu, ranar za ta ƙara riƙe shi.

A ɗakin gwaji take aiki, kan wata ƙwayar cuta mai kashe kaji. Sana'arta ita ce liƙa wa furotin ɗaya, wato wani ɗan sashe na jikin ƙwayar, alama mai walƙiyar kore, don in ƙwayar ta shiga sel, wato ƙwayar halittar jikin kaza, a bi sawun furotin ɗin a madubin ƙara girma, a ga inda ya nufa da abin da yake yi. Mama kan ce 'yarta ta yi karatu mai zurfi don ta riƙa ɗaura wa ciwo ƙararrawa.

Ta daɗe tana fama kafin alamar ta kama, a wutsiyar furotin. Koren ya fito tas. Sai dai ƙwayar ta gurgunce: tana shiga sel, tana hayayyafa, amma ta kasa fita ta kama na kusa. Shugaban sashensu ya ce aikin ya lalace, a zubar da kwalaben da ta daskarar da ƙwayar a ciki, ya riga ya yi wa sabon ma'aikaci alkawarin gurbinta a firiza. Kwalaben nan kuwa ba su da na biyu. In suka narke, wahalarta ta bi ruwa.

Yaya ta ce gurguntar ai ita ce amsar. In alama a wutsiya ta hana fita, to da wutsiyar ake fita. Ta nemi a ɗaga mata ƙafa ta mayar da alamar can wajen kai, ta gwada su gefe da gefe. Shugaban ya ce hasashe ne, kuma gaskiya a lokacin hasashen ne. Mijinta ya lallashe ta ta haƙura, ni ma na sa baki, abin da har yau yake ba ni haushi.

Ranar da aka zo kwashe firizar, ta jingina bayanta da ƙofar, da safar hannu da komai.

"Ranka ya daɗe, in wuri sabon ma'aikacin yake so a ba shi teburina da kujerata. Nan kam sai dai a ɗauke ni."

Shugaban bai yi musu ba. Ya sa aka ɗauke teburin da kujerar a gaban idonta.

Har yanzu gwajin bai kammala ba, kuma babu wanda ya ce mata zai yi kyau. A tsaye take rubutu, a kan murfin injin wanke kwalabe. Da yamma takan biyo ta gidana ƙafafu a kumbure, in zuba mata ruwan ɗumi a roba. Na tambaye ta ko ba ta roƙi a mayar mata da kujerar ba. Ta harare ni.

"In roƙa, su ce sai in ba su firizar a madadinta?"