Yatsan da Mazari Ya Cinye

Waɗanda ke wurin ran nan su ne ni, da ɗiyata da ta kwana biyu tana naƙuda, da yayan mijinta, da mai unguwa, da malamin asibiti, da direban da ya kawo shi daga Kankiya. Mijin yana Ikko wurin aikin kwangila, kamar yawancin mazan Mawashi a shekarun nan.

Da hantsi motar asibiti ta tsaya ƙofar gida. Muka kwantar da yarinyar a zaure. Tsakaninta da motar bai fi taku goma ba, sai dai akwai takarda.

Malamin ya ce sai wani ya dangwala yatsa, shaidar cewa da yardarsa aka ɗauke ta, kada ta cika a hanya a kai direba gaban alƙali. Direban ya ce an taɓa kai shi, kan wata tsohuwa da ta rasu a motarsa.

Yayan mijin ya cusa hannuwa cikin riga. "Inna, matar ƙanena ce. In ya dawo ya ce wa ya ba ni izinin fitar da ita, in ce masa me?"

Mai unguwa ya ce shi shaida ne, shaida ba ya dangwalawa.

Na ce, "Malam, miƙo tawadar."

Na danna. Ya ɗaga takardar ya duba a rana. Baƙin tabo kawai, ba zane ko ɗaya. Tun ina budurwa nake murza mazari, kaɗin auduga ya shafe mini yatsa sumul.

"Inna, wannan ba ya nuna kowa."

"Ni ce. Ba kana kallona ba?"

"Ni na gani. Alƙali bai gani ba."

Na gwada na hagu, bai fi ba. Ɗiyata ta daina nishi, na kuwa san shirun ya fi nishin muni. Maza huɗu tsaye, kowa na kallon takarda.

Direban ne ya gaji. "Shiga ki zauna kusa da ita. Duk abin da ya faru, ki faɗa da bakinki."

Aka sa ta cikin motar, na shiga.

Ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Kafin la'asar magana ta iske ni har asibiti: dangin miji sun ce girgizar mota ce ta kashe shi, kuma ba da izininsu ba.

Washegari ina idar da sallah na taka zuwa ƙofar alƙali, na zauna jikin bango tun ba a buɗe ba, don ya ji daga bakina kafin a kira direban.