Motar Baba Mai Farfela

Mahaifina bakanike ne a Damagaram, ya fi shekara arba'in yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Yana da labari guda wanda ba ya gajiya da shi. Wai lokacin samartakarsa, a garajin wani Bafaranshe inda ya koyi aiki, akwai hoton wata mota manne a bango. Ba injin ne ke juya tayoyinta ba, farfela ce a gabanta irin ta jirgin sama, ita ke janta. Jikinta na katako ne, mutum biyu take ɗauka, ɗaya a bayan ɗaya. Kuma da tayoyin baya take karya kwana.

Majalisar dattawan da ke zama ƙofar garajinsa bayan la'asar ta mai da labarin abin tsokana. Mai jan gaba shi ne amininsa, wani Alhaji mai sayar da taya.

"Malam," in ji Alhaji, "motar nan taka in ta ratsa kasuwa ai babu wanda zai koma gida da hularsa."

Sai a kwashe da dariya. Baba ya rantse, ya sake rantsewa, ya zana motar a ƙasa da bakin sifana. Washegari a sake. Tun ina firamare nake jin wannan rigima, kuma gaskiya kunya take ba ni.

Na zo birnin Lyon na Faransa karatun injiniya, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Villeurbanne. A shekarata ta biyu, wata Asabar, ina cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, za ni bitar jarrabawa, Baba ya kira. Mun gajarta gaisuwa, sai ya ce, "To, ga ka a ƙasar masu motar, ga ka da karatun injin. Motar nan mai farfela, akwai ta ko babu?"

Ya kamata in gane. A wurinmu idan dattijo ya kira ɗansa da ke waje yana zaune a majalisa, lasifika yake buɗewa kowa ya ji. Ba gulma ba ce, alfahari ne. Na san haka sarai, amma kaina na kan jarrabawa, kuma a lokacin ji nake babu abin da ban sani ba game da mota.

Na ce, "Haba Baba, don Allah! Jirgi ka gani da aka cire wa fukafukai. Motar da ke kwana da tayar baya ai kifewa za ta yi. Ka bar zancen nan hakanan, kada a riƙa yi maka dariya."

Dariyar ce ta fara iso ni. Muryar Alhaji ta fi ta kowa, har da tari. Baba ya bari ta lafa, sannan ya ce, "To, madalla. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa." Ya kashe.

Wallahi haushi ma na ji, haushinsa. Wa ya ce ya sa ni a lasifika bai faɗa mini ba? Na sauka daga taram ina ta mita ni kaɗai. Daga baya Inna, mahaifiyata, ta ce mini tun ranar bai sake tayar da zancen motar ba, ko an ja shi sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa. Na ce mata hakan ya fi, an huta.

Shekara biyar suka wuce. Na gama karatu, na sami aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, ina kula da famfuna da injinan da ke tura ruwan sinadarai. Wata rana aka tura ni taro Paris. An tashi da wuri, jirgin ƙasana sai yamma, ga ruwa ana yi. Na fake a wani gidan adana tsofaffin injina, don kawai in sami inda zan tsaya a bushe. Wani sashensa tsohon coci ne, an jera motocin da can a ciki.

Nan na gan ta.

Farfela ta katako a gaba, cikin wani zagayayyen kariya. Jiki siriri kamar kwalekwale. Kujera biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashinta kamar yadda Baba zai yi, na bi wayoyin sitiyari da ido har baya. Da tayoyin baya take kwana. Takardar bayanin da ke gefe ta ce an ƙera irinta kaɗan, wajen shekara ɗari da suka wuce, kuma sun yi tafiya a kan titi. Babu abu ɗaya da tsohon nan ya ƙara, babu wanda ya rage. Daga hoton bango guda ya riƙe duk wannan.

Na tsaya ina jiran in ji wani abu, ban ji ba. Na ɗauki hoto huɗu, na duba agogo, na tafi tasha.

Aika hoton ba zai ci mini minti ɗaya ba. Na buɗe sunan Baba a waya cikin jirgi, na rufe. Na ce wa kaina wannan ba maganar waya ba ce. A bainar jama'a na ƙaryata shi, a bainar jama'a zan gaskata shi. Zan wanke hoton babba, in kai da hannuna in na je hutu a watan Agusta, in durƙusa gaban majalisa in nemi gafara. Tsarin ya yi mini kyau sosai, musamman da yake ba a ranar zan yi shi ba. Na wanke hoton kuwa, na sa a ambulan, na ajiye saman firji. A watan Maris ke nan.

A watan Mayu hawan jini ya kayar da shi a garaji, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙanwata, wadda ke jinyarsa, ta ce yana ji, yana ganewa, magana ce dai ba ta fita sosai. Takan kara masa waya a kunne in gaishe shi. Sau uku ina kawo maganar motar bakina ina mayarwa. Yaya zan faɗa wa mutumin da ba zai iya amsa mini ba? Na ce bari ya ɗan sami sauƙi. Dalili dai ba ya ƙare mini.

Ranar wata Talata da hantsi ƙanwata ta kira, ina tsaye kan wani famfo da ke yoyo. Na yi salati, na ce mata to. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni kuwa na gama ɗaure famfon, na cike takardar aiki, na ci abincin rana, har da lemo. Abokan aikina ba su san komai ba sai washegari. Mutanenmu na Lyon suka zo ɗakina gaisuwa, na dafa musu shayi, ina amsa amin a inda ya dace. Wani ya ce na yi haƙuri ƙwarai. Ba haƙuri ba ne, ni dai ban san inda abin ya shige ba.

Ranar sadakar uku na kira wayar Baba, tana hannun ƙanwata. Na ce ta fita ƙofar gida inda dattawa ke zaune ta buɗe lasifika. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi addu'a. Sannan na ce ina da magana.

Na ce, "Motar nan mai farfela da Baba ke faɗi, akwai ta. Na gan ta da idona a Paris. Duk yadda ya kwatanta haka take, har kwanan da take yi da tayar baya. Ni ne ban sani ba."

Sai Alhaji mai taya ya yi gyaran murya.

"Yaushe ka gan ta?"

Na ce, "Wata uku ke nan."

Da ya yi magana babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi.

"Ɗana, mu shekara talatin muna jan sa, bai taɓa fasa labarin nan ba. Daɗinsa ma yake ji. Ranar da kai ka ce babu, ranar ya bari." Ya ja numfashi. "Aiko hoton mu gani."

Na ce to. Na zaɓi wanda farfelar ta fi fitowa, na tura ta lambar da nake magana da ita. Ko minti ɗaya bai ci ba. Ƙarƙashin sunan Baba alama ta fito cewa an gani.