Fitilun Motar Yayana

Yayana ya sayi tsohuwar motar daji, irin mai tudun nan da mutanen Yawunde ke kira kat-kat, ana cikin haka sai aka aiko mana cewa ciwon Yafendo ya yi tsanani. Yafendo yayar mahaifiyarmu ce. Ita ta goye ta, ta raine ta bayan rasuwar iyayensu, kuma tana zaune a wani ƙauye can gaba da Tibati. Saƙon gajere ne: ta daina cin abinci, sunan Inna kawai take kira.

A ranar Inna ta haɗa jakarta. Ta sa atamfa, turare, man zafi, da ƙullin kilishi da ba ta ma san ko mai shi za ta iya taunawa ba. Ta ajiye jakar a bakin ƙofar ɗaki, ta yafa mayafi, ta zauna.

Yaya ya shigo yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ya ce ba uwarsa ba shiga jirgin ƙasa, ba ita ba hawa bayan babur daga tasha, alhali ga mota a ƙofar gida. Shi zai kai ta da kansa ta hanyar Yoko. Sai dai akwai ɗan abin da ya rage.

"Hanyar nan daji ce," in ji shi. "Sai an ƙara fitilu. Gobe-gobe an gama."

Na san yayana kamar tafin hannuna. Ba daji ne a ransa ba. Abin da ke ransa shi ne shigarsa ƙauyen, yara na gudu a bayan mota, dattawa na tambayar wannan ɗan gidan wane ne. Mutum ne da ko takalmi ya saya sai ya ƙirƙiri dalilin bi ta gaban masu tsire.

Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar gidanmu a unguwar Briqueterie, don haka komai a kan idona aka yi shi. Motar ta cinye rabin layi, masu babur na raɓawa suna tsaki. Yaya ya kwaso fitilu daga kasuwar Mokolo: wata doguwa kamar taɓarya ta saman rufi, zagayayyu na gaba, ƙanana shuɗaye da jajaye na ƙarƙashi, da wata mai kallon baya wadda har yau ban san wa aka nufa ta haska ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, duk su taru a makunni guda.

"Taɓawa ɗaya, pap! Gari ya waye," ya ce, yana nuna yadda zai danna da babban yatsa.

A unguwarmu ba a buɗe bakin mota a rasa malamai. Mai shayi ya bar tukunyarsa, telan da ke gefena ya bar rigar mutane, wani da ya taɓa tuƙa tasi ya jawo benci. Ba wanda ya taɓa canza ƙwan fitilar ɗakinsa a cikinsu, amma kowa da fatawarsa. Suka murɗe wayoyin fitilun wuri guda kamar masu tufka igiya, suka jawo wata siririyar waya daga batir kai tsaye zuwa makunnin. Yaya ya danna. Fitilu suka kama da tsakar rana, ƙattin maza suka hau tafi. Kafin tafin ya lafa, ƙaurin roba ya danne ƙamshin tsire, makunnin ya narke ya bi yatsansa.

Washegari aka ce laifin fizibil ne, ɗan abin nan da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Aka sa babba, ya tsinke. Mai shayi ya ba da shawara a naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli, aka naɗe, sai wayar da kanta ta ɗauki hayaƙi. Can mai tasi ya tuna akwai wani ɗan akwati wai shi rele, mai ɗauke wa makunni nauyin wuta. Yaya ya wuni tsakanin Messa da Mokolo yana nema. Ya dawo da rele, da kuma ƙarin fitila.

Duk wannan Inna na zaune da mayafinta. Yaya ɗan fari ne, kuma ita irin matan da ne masu alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye, in ta kama dole sai ta bi ta bakin wani. Tun da ya sayi motar ya koma "mai motar nan". Takan ce da ni, "Leƙa ki ga ko sun kusa."

Na ce, "Inna, akwai jirgi yau da yamma. Ki tashi in raka ki."

Ta girgiza kai. "In sauka daga bayan babur a ƙofar gidan yayata, a ce ina ɗanta mai mota? Ya riga ya gaya wa mutane zai kawo ni. Ba zan ba shi kunya ba."

Haushi ya ishe ni, na fita na same shi rabin jikinsa a ƙarƙashin sitiyari. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Yafendo na can ba ta ci ba ta sha, kai kana nan kana wasa da waya."

Ko fitowa bai yi ba. "Ke me kika sani a mota? Koma kan kekenki. Ça va aller, komai zai daidaita, saura kaɗan."

Majalisarsa ta yi dariya. Wallahi a ranar da ina da ƙarfi da na kifar musu da bencin.

Garin jone-jonen suka ƙona sandar da ke kunna fitilun motar na asali. Aka kira wani mai gyaran wuta daga unguwar Ekoudou, wanda ya fi su iya daɗin baki. Ya ce ba a samun irinta sai an yi aike, amma in alhaji na so, sai a haɗe na asalin ma a makunni guda. Yaya bai taɓa zuwa Makka ba, amma kalmar alhaji ta gama da shi. Aka haɗe. Daga ranar motar ba ta da tsaka-tsaki, ko duhu ko biki.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka gama. Yaya ya tara layi ya danna, komai ya kama, babu hayaƙi. Ana ta ihu da shewa a waje na shiga gida in gaya wa Inna. Na tarar da wayar salula a cinyarta, ta ciro ƙullin kilishin daga jaka ta ajiye a gefe.

Ta ce, "An yi mata sutura tun azahar." Ta gyara mayafinta. "Ki gaya wa mai motar nan ya bi a hankali. Babu sauran sauri."

Haka tafiyar dubiya ta koma ta gaisuwa. Muka kama hanya da asuba, muka kwana a Yoko, da rana kawai muke tafiya, ba a buƙaci ko fitila ɗaya ba. Mun doshi ƙauyen ana idar da magariba, hadari ya haɗo, ga zaizayar ruwa ta cinye gefen hanya. Dole ya danna.

Muna karya kwana sai ga ƙofar gidan. Maza na zaune a kan tabarmi da carbi a hannu, zaman makoki. Hasken ya faɗa musu gaba ɗaya. Tsofaffi suka kare fuska da hannun riga, limamin ya sunkuyar da kai, shuɗi da ja suka zube a bangon gidan mamaciya kamar ƙofar mashaya. Yara suka fito da gudu suna ihu a bayan mota, daidai yadda Yaya ya yi mafarki. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

"Kashe."

Muryar Inna ce. Tun da nake ban taɓa jin ta yi masa magana baki da baki ba. Shi ma sai da ya waiwayo.

"Inna, makunnin ɗaya ne. In na kashe ba zan ga hanya ba."

"Na ce ka kashe."

Ya kashe. Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta rungumi jakarta, ta taka sauran hanyar a cikin duhu tana laluben ƙasa da ƙafa. Na bi bayanta.

Bayan addu'ar bakwai Yaya ya wanke mota, ya juyo da ita ta fuskanci hanya, ya buɗe ƙofar gaba yana jira. Inna ta fito da mayafinta, mutanen gari sun taru yi mata sallama. Ta dube ni ta ce in samo mata mai babur ya kai ta tashar jirgi.