Tebur Ɗaya da Surukina

Wata bakwai na yi a gidan 'yata a garin Sterling, can ƙasar waje, kuma a tsawon zaman nan mijinta bai taɓa ganin na kai loma baki ba. Haka aka raine mu. Mace ba ta cin abinci a gaban mijin 'yarta, ko ruwa za ta sha sai ta kau da kai. Shi ma ya sani, don ɗan gidan mutunci ne. Da safe zai durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, ya wuce asibitin da yake aiki. Abincina a ɗaki ake kai mini. Mai ƙorafi ɗaya ce, ita 'yar tawa, wai abin ya tsufa.

Sai Babbar Sallah ta zo, cikin sanyi. Na yi azumin Arfa, da safe kuma ban sa komai a cikina ba, sai an sauko Idi, kamar yadda na saba. Ragon a wata gona mai nisa ake yanka shi, naman sai bayan kwana biyu zai iso a leda. Tun jajibere na ce a jiƙa mini shinkafa in yi waina, 'yata ta ce kar in wahalar da kaina, ta gama shiri.

Da muka fito daga masallaci motar ba ta nufi gida ba. A jerin shagunan unguwa muka tsaya, tsakanin mai wanki da guga da mai aski. Gidan abincin mutanen Italiya ne, in ji 'yata, suna zuwa duk wata. Warin tafarnuwa ya tare mu tun daga ƙofa. Kwalabe jere a bango har sama, ban tambayi abin da ke ciki ba, ina da ido. Wannan ne shirin Sallar.

Ɗan tebur aka ba mu a lungu, kujera huɗu. Ina kallonta ta zaunar da ni, ta ɗora jikata a gefena, ita ta ja ta can kusurwa, ta bar kujera ɗaya tak, wadda ke fuskantata. Mijin ya tsaya riƙe da kujerar yana dubanta. Ta yi kamar tana neman wani abu a jaka. Dole ya zauna. In na miƙe ƙafa sai ta taɓa tasa.

Ita ta zaɓa mini. Aka kawo taliya doguwa, ja wur da tumatir, wani saurayi ya tsaya a kaina yana kankare mini cuku kamar na roƙe shi. Abincin da sai ka nannaɗe shi, ka zuƙa, rabi yana reto a haɓarka. Shi za a ce in ci gaba da gaba da surukina, ranar Sallah, da sabon mayafina.

Na naɗe hannuwana a cinya. Cikina yana ƙugi, jikata har ta ji ta yi dariya. Shi kuma ya sunkuyar da kai, yana ta juya cokali a farantinsa, bai ci ba. Mai gidan abincin, wata tsohuwa gajera, ta zo tana ta magana da hannu, wai ko abincin bai yi daɗi ba, ko a sake wani. 'Yata ta ba ta amsa da Turanci, suka yi dariya tare, mutanen teburin kusa suka waiwayo. Ban ji abin da ta faɗa ba, amma na san a kaina ne.

Can sai surukina ya miƙe, ya ce zai amsa kiran asibiti. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ya fita ya tsaya a bakin titi, ya ba taga baya, iska tana kaɗa masa babbar riga.

"To Inna, ya fita. Ci mana."

Na ce mata ba zan ci ba. Magidanci ya bar abincinsa ya tsaya a sanyi kamar mai gadi saboda cikina, ni kuma in buɗe baki in hau zuƙar taliya? Wannan ya fi na farkon muni.

Ta ajiye cokali. Ta ce ta gaji da hawa bene da tire, mu huɗu ne kacal a ƙasar nan, ba mu da kowa, kuma yarinyar ta tambaye ta ko na tsani babanta ne.

Na ce, "Da kin gaya mata girmama shi nake yi. Ke ce uwarta, bakinki ciwo yake? Kin san ina jin yunwa, shi ya sa kika zaɓi yau."

Ba ta musa ba.

Na tashi na gyara mayafi, na ratsa tebura na fita. Da ya gan ni ya rusuna nan kan titi, mutane suna wucewa. Na kau da kai na ce ya buɗe mini mota, ya koma ya ci abincinsa kafin ya huce. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ba shi ya yi ba. Ya kunna mini na'urar ɗumama mota, ya koma.

Daga cikin motar ina hango su. Ya ci, a gurguje, ba ya ɗaga kai. Ita ce ba ta ƙara taɓa farantinta ba. Suka fito da nawa a kwali, ta miƙo mini, na ce ta ajiye a ƙasa.

A gida na shiga kicin na dama kunu, na hau da shi da kaina, na rufe ƙofa. Daga ranar ban sake karɓar tire a hannunta ba, tunda nauyi yake mata. Nakan jira ya fita aiki in sauko in zuba abina. Haka muka yi har ranar da suka raka ni filin jirgi.