Dutsen da Ya Sami Idon Baba

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina kwalejin horon malamai, gidanmu yana Gyadi-Gyadi. Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ba ruwansa da kowace jam'iyya. Wata Laraba bayan la'asar ya je kasuwar Tarauni cefane, sai ayarin 'yan kamfe biyu suka yi karo a bakin titi, aka fara jifa. Dutse ya same shi a idon hagu. Idon bai ƙara gani ba.

'Yan sanda suka kwashi mutum tara. Takwas ƙarti ne, na taran kuwa yaro ne ɗan shekara goma sha uku, kuma shi ya amsa da bakinsa cewa shi ya yi jifan. Ya ce a cikin mota aka ba su ƙwaya, aka ce su jefi duk wanda suka gani. Ni dai ban ji tausayinsa ba. Duk wanda ya zo dubiya sai na ce masa hannun da ya iya ɗaukar dutse ya iya ɗaukar ankwa.

Bayan wata guda uwar yaron ta zo gidanmu. Mai tuyar awara ce a unguwar Babban Giji. Ta durƙusa a zaure, ba ta roƙi a yafe ba.

"Alhaji, da manya aka haɗa shi a gidan yari," in ji ta. "Sau uku ina zuwa, bai ce mini uffan ba."

Washegari Baba ya ce in raka shi gidan yarin, don har lokacin bai saba tafiya da ido ɗaya ba. Na bi shi ina gunaguni. Da gandiroba ya fito da yaron, rigar da ke jikinsa har gwiwa. Tun kafin a ce masa komai ya tsuguna ya ɗora hannuwa a ka.

"Sauke hannunka," in ji Baba. "Ka gane ni?"

Ya gyaɗa kai.

"Da wa kake kwana?"

"Da wani da ya kashe direba, Baba. Shi ya ba ni wuri. Ni nake masa wanki da fifita."

Baba ya miƙe, muka kama hanyar gida.

Ranar shari'a Baba ya nemi izini ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ba zan yi ƙarya in ce na yafe ba, idona ne. A hukunta shi. Amma a kai shi inda ake hukunta yara. In aka bar shi a can, wanda zai fito ba dutse zai ɗauka ba."

Alƙali ya tura yaron gidan horon yara na shekara ɗaya da rabi. Ƙartin nan kuwa tuni aka yi belinsu, kuma wanda ya raba ƙwayar ko sunansa ba a ambata a kotu ba.

Kwana biyu ina fushi da Baba. Gani nake ya sayar da idonsa da arha.

Yaron ya koyi kafinta a can, ya fito ya kama aiki a wani shago a Hotoro. Bai taɓa tako gidanmu ba. In ya hango Baba sai ya sake hanya. Ba zan ce ya zama waliyyi ba, na ji an taɓa kama shi kan faɗa a gidan kallo. Amma ya yi aure, yana ciyar da uwarsa.

Ni kuma da na fara koyarwa, ajin 'yan shekara sha uku aka ba ni. A makon farko wani ya fashe da kuka don an ɓoye masa takalmi. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, allo yana jirana.