Burauzar da Na Hana Kowa Taɓawa

Lokacin da abin nan ya faru ina malamar kwamfuta a Bodinga, ban daɗe da aure ba, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Bayan aikin makaranta, ina cikin 'yan sa-kai na ƙasashe daban-daban masu kula da wata babbar manhajar kwamfuta ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Rabona shi ne burauza, wato manhajar shiga intanet. Duk sanda masu ita suka fito da sabuwa, ni zan ɗauko, in rage mata nauyi yadda tsofaffin kwamfutoci za su iya ɗauka, in gwada, in ɗora wa jama'a. Da ita kwamfutocin wata cibiya a Shagari ke aiki, inda ɗalibai ke gwajin jarrabawar shiga jami'a. 'Yar yayata na cikinsu, ta ci burin karatun jinya.

Da na samu ciki, wani abokin aikin sa-kai ya nemi in nuna masa yadda nake haɗa burauzar, mu riƙa yi tare. Na ƙi. Ni kaɗai ce mace daga yankinmu a cikinsu, ina tsoron a ce na gaza. Da na faɗa wa babana, sai ya tuna mini injin ban-ruwan da aka kai fadamar Danchadi zamanin jamhuriya ta biyu. Ya ce mutum ɗaya ya iya gyaransa, kuma ba ya kwance shi a gaban kowa. Da tsadar rayuwa ta kore shi ci-rani, injin ya tsaya, albasa ta bushe suna kallo. Na yi dariya, na ce Baba bai san kwamfuta ba.

Wajen haihuwa jijjiga ta kama ni. Ɗan ya rayu, ni kuwa na daɗe kwance ban san inda kaina yake ba, ɓarin jikina ɗaya ya ƙi motsi. Ana cikin haka shafin gwajin jarrabawar ya daina buɗewa sai da sabuwar burauza. Abokin aikin nan da na ƙi koya wa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma duk dabarun suna cikin kaina, ban rubuta ko'ina ba. Sabuwar da ya haɗa ta fi ƙarfin kwamfutocin Shagari, tsohuwar kuma aka janye ta saboda ɓarayin intanet na iya shiga ta cikinta. Haka ɗaliban suka shiga jarrabawa hannunsu bai saba da kwamfuta ba. 'Yar yayata ta ce ta san amsoshin, amma tana ta lalube har lokaci ya ƙare. Ba ta sake zana jarrabawar ba, ta koma koyon ɗinki.

Ita ce ta yi jinyata. Ita ke juya ni, ta goge mini jiki, ta lura in ƙarin ruwa ya kusa ƙarewa. Wata rana wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya tana kallon hannunta, ta tambaye ta wace makarantar jinya take. Yarinyar ta yi murmushi ta ce ba ta samu ba. Na juya fuskata bango na yi kuka, don na san dalili.

Yau na warke, mu uku ke kula da burauzar, kuma komai a rubuce yake. Na gane aikin jama'a amana ne, ba sarauta ba. Duk wanda ke riƙe da abin da wasu suka dogara da shi, don Allah ya koya wa wani tun yana da lafiya, don ciwo ba ya sallama. Kwamfutocin Shagari sun dawo aiki. 'Yar yayata kuwa har yanzu tana kan keken ɗinki, kuma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba ko sau ɗaya.