Ƙafar da Datti Ya Riƙe

Datti ba ya tsayawa a kan ƙafa biyu idan ana hira. Yakan naɗe ta dama ya ɗora tafinta a gwiwar ta hagu, ya dogara da sanda ko bango, irin tsayuwar da kakanninsa ke yi a bayan shanu. Baƙo zai ɗauka gado ne. Mu da muke Gude mun san shekarar da ya fara.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na mahaifinsa, Malam Abdulmumini. Datti ya taso tare da Dalhatu, ɗan ƙanwar mahaifin nasa. Taubasai ne ke nan, kuma tsakanin taubasai babu maganar da ɗaya zai yaɓa wa ɗaya a ce ya yi laifi. Dalhatu yana da baki da ƙafa. Datti kuwa ƙirji gare shi, da shiru.

Suna samari aka shirya gasar langa ta matasa, ƙauyukan Kabo da na Gwarzo. Wanda bai san langa ba, ga yadda take. Kowane ɗan wasa zai lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare yana da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ake so ya ratsa abokan karawa ya kai wurin sha. Sauran su ne dawaki, aikinsu su tare masa faɗa, su buɗe masa hanya. Malam Badaruddeen, malamin firamare da ke koyar da su, ya sa Dalhatu ruwa, ya sa Datti doki. Babu wanda ya ga kuskure a rabon.

Yaran Gude suka ci Durun, suka ci wasu, har suka kai wasan ƙarshe da za a yi a Gwarzo. Ana cikin makon ne abin ya faru. Gonata tana iyaka da ta su Datti. Datti yana ɗora dammunan dawa a amalanke, sai bijimi ya ja da baya ya ɗora masa kofato a kan ƙafar dama, wadda yake tsalle da ita. Na ji ƙarar daga inda nake. Kafin in iso ya zauna a kan kunya, ƙafar ta fara tashi.

Na ce, “Tashi mu je wurin mai ɗori.”

Ya ce, “Baba, idan aka ɗora ba za a bar ni in yi wasa ba. Don Allah ka bari mu dawo daga Gwarzo. Idan babu ni, wa zai tare wa Dalhatu?”

Na ce masa ƙafar ba tawa ba ce. Ya ɗaure ta da tsumma, ya gaya wa mutanen gida ƙaya ce ta soke shi. Wurin atisaye kuma ya koma tsalle da hagu, ya riƙe ta daman a hannu. Ya ce wa Malam Badaruddeen dabara ce, don ya rikita 'yan Gwarzo da suka saba ganinsa. Malam ya yaba masa.

Na je kallon wasan. Sai wanda ya taɓa karaya zai san abin da ake ji idan aka damƙe wurin ana jijjiga shi. Datti bai saki ba. Zufa tana zuba daga haɓarsa tun ba a yi nisa ba, aka ce zafin rana ne. A zagayen ƙarshe wani ƙaton yaro na Gwarzo ya nufo Dalhatu daga gefe. Datti ya sha gabansa, ya sa masa kafaɗa, suka zube tare. Dalhatu ya wuce ta gurbin da suka bari ya sha. Bai waiwaya ba. Ruwa ba ya waiwaye, haka aka koya masa.

Jama'a suka kwasa da gudu suka ɗaga Dalhatu sama. Ni da wani mai babur muka je inda Datti yake kwance, sai da muka ɓamɓare yatsunsa daga ƙafar. Muna kan hanyar gida aka ɗauki hoton ƙungiya da kofi. Mai ɗori ya duba ya ce wannan ba karayar yau ba ce, ƙashin ya riga ya goce. Ya yi iya ƙoƙarinsa. A gari kuwa labari ya zauna cewa Datti ya faɗi a wasa ya karye. Ya ɓoye abin da kyau, har ya ɓoyu.

Daga nan aka ɗauki Dalhatu zuwa Kano, ya yi wasa a can, ya dawo da riga mai suna a baya. Da ya bar wasa ya buɗe shagon kayan waya a kasuwar Gwarzo, ya sa aka faɗaɗa hoton nan ya rataye. Datti ya ci gaba da noma, ya auri Uwaliya, yana tafiya yana ɗingishi kaɗan. Ban taɓa jin ya aibata Dalhatu ba. Sai dai ranar kasuwa ba ya bin layin shagon, yakan ce rana ta fi zafi a can. Dalhatu ya taɓa aiko masa da waya sabuwa, ya miƙa wa Uwaliya a cikin kwalinta. Idan aka yabi Dalhatu a gabansa yakan ce, “Ai yana da gudu.” Daga nan ba ya ƙarawa.

Shi kuwa Dalhatu, duk zuwansa Gude, tun daga bakin ƙofa yake fara kira: “Ina gurguna? Fito ka karɓi jakar maigidanka.” Datti ya fito yana murmushi ya karɓa. Wasan taubasai ne, wanda ya yi fushi shi aka ci.

Bara da rani Datti ya fara share wani gefen saurarsa, ya ce filin langa zai yi wa yaran unguwa. Yana tone kututture, yana tsince ƙaya, da yamma kuma yana koya musu a inda ya share. Na lura aikin dawaki kawai yake koyarwa: yadda ake sa kafaɗa, yadda ake tsare gefe. Na tambaye shi wa zai zama ruwa. Ya ce, “Wannan kowa ma zai iya.” Ya kuma ce idan filin ya kammala, Dalhatu zai kira ya buɗe, ya zo ya ga yadda ake yi.

Ana haka Uwaliya ta haihu. Ranar suna da safe, bayan an shafa fatiha, muna zaune a kan tabarmi ana shan koko, wani ya tsokano zancen Gwarzo. Dalhatu ya gyara zama. Ya iya ba da labarin, kuma duk shekara 'yan Gwarzon ƙara girma suke yi.

“Na duba gabana, ƙattai kamar rumbuna. Na ce to, yau sai ni. Shi wannan yarona tuni ya kwanta yana hutawa.”

Aka yi dariya. Datti yana raba goro. Ya ajiye farantin, ya ce, “Da karyayyar ƙafa na shiga filin nan, Dalhatu. Tun a gona ta karye. A hannuna na riƙe ta har ka wuce.”

Dariyar ta ƙaru. Wani ya ce yau gurgu ya rama. Dalhatu har da buga cinya: “Ku ji shi. Baɗi zai ce ba shi da kai ma ya shiga.” Sai ya juyo wurina yana share hawaye. “Baba, kai ne maƙwabcinsu, ka raba mu.”

Na ce, “Ni dai na ga ƙafar kafin a tafi Gwarzo.”

Dalhatu ya dubi ƙafar, kamar ranar ya fara ganinta. Na ga Datti ya miƙe ƙirji yana jira. Ba wani abu mai yawa yake jira ba.

Da Dalhatu ya yi magana, babu wasa a muryarsa. Ya ce, “Kai, ɗan'uwa. To ai da ka faɗa. Ga Lawal nan, shi ma doki ne, a zaune a gefen fili ranar, da shi muka sa.”

Da tausayi ya faɗa, na tabbata. Datti ya ce, “Haka ne.” Ya ɗauki farantin ya ci gaba da raba goro.

Mutane suna cewa don ƙungiya ya yi abin da ya yi. Ni ma haka nake cewa idan an tambaye ni.

Bayan sunan da 'yan kwanaki ya maido mini da digar da ya ara, ya yi godiya. Ya kama noman rani a bakin dam, yana fita da sassafe, sai magariba yake dawowa. Yara sun yi ta zuwa saurar suna jiransa, daga baya suka koma ƙwallo. Rabin filin yana nan a share. A ɗaya rabin akwai wani kututturen kalgo da ya haƙe kewayensa bai cire ba, damina ta cika ramin da ƙasa, har ya fara toho.